Farantin da Tanyus Ya Tsaga

Tanyus maƙerin tagulla ne a tsohuwar kasuwar Tarabulus. Na san shi tun muna yara, ni ina makarantar mishan, shi yana gaban maƙerar ubansa.

Jikarsa Rima ta naɗi ƙarar gudumarsa, ta haɗa da sarewa da rurin inji, ta fitar da faifai. Ranar ƙaddamarwa, da la'asar a bakin teku, ta zaunar da shi cikin makaɗa don ya riƙa buga gudumarsa tare da kiɗan. Ya ce shi ba ya dukan banza, sai an kawo tagulla ya ƙera faranti na gaske.

Farantin ya kammala tun kiɗa bai kai rabi ba. Ƙarin duka zai ɓata shi, shi kuwa bai taɓa ɓata aiki ba.

"Na gama," in ji shi.

"Haba ɗan tsoho, har ka gaji?" in ji Rima. "Dubi can."

Matarsa Nazira ce ta shiga sahun masu rawa, ita da rabonta da rawa tun rasuwar ɗansu.

Tanyus ya ci gaba da duka har tagullar ta tsage. Bai ajiye guduma ba sai da Nazira ta zauna.