Ɗan Farin Luba

Har gobe ban manta da ranar da muka je duba gidan renon Inna Kulu a Kagara ba, kuma duk sabuwar ma'aikaciyar da aka turo mini sai na ba ta labarin kafin in bar ta ta fita zagaye ita kaɗai.

Lokacin ina mataimakiyar jami'a mai duba wuraren renon yara, Wurno da Rabah da Goronyo duk suna hannunmu. Ga wanda bai san aikin ba, duk mai son tara 'ya'yan mutane yana reno sai ya nemi rajista, mu kuma mu je mu gani da ido: akwai inuwa, akwai ruwan sha mai tsabta, an rufe rijiya, akwai makewayi. Sharaɗin da ya fi kowanne nauyi shi ne kowane yaro a san uwarsa ko ubansa, su kuma amsa da bakinsu cewa nasu ne. In aka sami yaron da ba a gane mai shi ba, ranar ake rufe wurin, shi kuma a tafi da shi ofishin jin daɗin jama'a har a gama bincike.

Da shugabata Hajiya Binta muka je. A barikin soja can kudu ta tashi, kuma mutane suna cewa ta cika tsanani. Ni na san dalili. A wurin aikinta na baya ta taɓa zama da wata uwa da aka ɗauke mata yaro daga gidan reno, ba a sake ganinsa ba. Tun daga nan ba a wasa da ita kan wannan sharaɗin.

Matan unguwar su Inna Kulu turara shinkafa ce sana'arsu. Manyan tukwane, wuta ba dare ba rana. Kafin Inna ta fara karɓar yaran, cikin tukwanen nan suke rarrafe, har ruwan zafi ya taɓa saɓule wa wata yarinya ƙafa. In aka rufe gidan, can za su koma, kuma kowa ya san haka.

Muka duba komai. Gidan a share tas, rijiya da murfinta, makewayi ne kawai yake son ƙofa. Aka aika aka kira iyaye suka zo, kowace ta nuna nata. Ya rage wani yaro da bai daɗe da fara tafiya ba, yana riƙe da ludayi yana buga ƙasa.

Hajiya ta ce, "Wannan fa, Inna?"

"Jikana na, ɗan Sani. Ubanai ya tahi ci-rani. Ga uwatai can, Luba."

Luba matar ɗanta ce, tana tsaye jikin garu kanta a sunkuye. Hajiya ta ce mata, "Ɗanki ne?" Shiru. Ta sake tambaya. Can ƙasa-ƙasa Luba ta ce, "Na Inna na."

"Ba ke kika haife shi ba?"

Sai ta juya fuska ga garu, ta ja mayafi ta rufe baki.

Nan na gane abin da ke faruwa. Na ja Hajiya gefe na ce, "Ranki ya daɗe, ɗan fari ne. A nan uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta cewa nata ne, balle a gaban surukarta."

Ta ce, "Na san da kunyar ɗan fari, Hadiza, ba daga sama na faɗo ba. Amma in ɓarauniya ta tsaya gabana ta yi shiru haka, da me zan bambance su? Sai na ji daga bakinta."

Wallahi haushinta ya kama ni. Na koma wajen Luba ina lallashi. Matan unguwa suka sa baki, wata tana dariya tana cewa, "Ke Luba, kunyar taki za ta ja muna rufe gida!" Ita Inna ta rasa yadda za ta yi. Idonta ya cika da ƙwalla, tana cewa, "Mi ni ka cewa? Ni ma haka niy yi ga wan Sani." Duk wanda ya matsa, Luba sai ta ƙara maƙalewa jikin garu.

Hajiya ta daɗe tana kallonta. Na ɗauka za ta ce a kira direbanmu a tafi da yaron. Sai na ji ta ce, "Inna, ki ara mana ɗakinki. Kowa ya fita zaure." Ta ɗauki yaron da kanta muka shiga, na jawo Luba, na saki labule.

A ɗaki Hajiya ba ta hau kujera ba, tabarma ta zauna. Tana sauke yaron ya yar da ludayi ya nufi Luba, ya cusa kai cikin mayafinta. Ta yi kamar ba ta gan shi ba, amma hannunta ya riga ya tallafe masa ƙeya.

Hajiya ta ce, "Ƙanwata, babu kowa nan sai mu. Ba zan gaya wa Inna ba. Ki taimake ni, ni ma aiki aka sa ni."

Luba ta dubi labule, ta dubi ƙofa. Sannan ta ce, "Ɗana na."

Tana faɗi sai kuka ya ƙwace mata. Na ɗauka tsoro ne, na ce ta kwantar da hankalinta, an gama. Ta girgiza kai ta ce, "Ba shi na ba, Anti. Tun da na haihe shi ban taɓa hwaɗi ba, ko ni ɗai. Yau na ji yadda yake a baki." Ta rungume shi ta sake faɗi, a hankali, ba da mu take ba.

Na dubi Hajiya Binta, matar da ake cewa ba ta da tausayi, na ga tana goge ido da bakin gyale. Ni ma ban tsira ba.

Da muka fito Inna ta tare mu. "Mi tac ce?" Hajiya ta ce, "Ba ta ce komai ba, Inna, surukarki akwai kunya. Ki sa wa makewayi ƙofa, za a kawo miki takardarki." Da muka koma bayan wata guda an sa ƙofar, aka yi mata rajista.

Sharaɗin yana nan bai canza ba, kuma ba na so ya canza, don yaran yake karewa. Abin da muka canza shi ne wurin tambaya. Ku da za ku shiga gidajen mutane, in uwa ta yi muku shiru kan ɗanta, kada ku yi saurin zargi, kada kuma ku wuce ba ku ji amsa ba. Ku nemi ɗaki, ku saki labule, ku zauna ƙasa, sannan ku tambaye ta.