Kwamfutar da Ta Ƙi Baba Akawu

A shekarar da masu makarantarmu ta Ƙofar Kabuga suka haɗe ta da sauran rassansu, an turo injiniyoyi daga hedikwata suka ɗaura duk kwamfutocinmu a kan babbar kwamfuta guda. Da can kowa da tasa, kowa da kalmar sirrinsa. Yanzu kuwa in ka buga sunanka da kalmarka, sai ta hedikwata ta ce ta san ka kafin a buɗe maka. Ni nake koyar da kwamfuta, don haka da injiniyoyin suka tafi, duk wanda tasa ta yi tari sai a ce a kira Malama. Ina zuwa, amma ina mita.

Baba akawu ne kaɗai bai kira ni ba. Dattijo ne ɗan Zaitawa, shi ke riƙe da rajistar ɗalibai tun ina ɗaliba a makarantar. Da furfurarsa ya koyi kwamfuta, da yatsa biyu yake bugawa, amma ban taɓa kama shi da kuskuren suna ba.

Ran Laraba na shiga ofishinsa neman sunayen 'yan aji biyu, na tarar yana rubuta su da biro, ga kwamfuta a kunne tana jiran kalmar sirri.

"Baba, ga kwamfuta kana wahala da biro?"

"Ta ƙi ni, 'yata," ya ce, bai ko ɗago ba. "Tun Litinin. Na zagaya na ga kowa ta buɗe masa. Ba za su iya duban idona su ce in tafi ba, shi ne suka cire sunana daga can don in gane da kaina. Na kuwa gane. Juma'a zan miƙa takardar ajiye aiki."

Raina ya ɓaci, na kasa ɓoyewa. "Haba Baba! Kwana uku, ofishina yana kallon naka?"

"An yi min kara. In je ina tambaya kuma, in ba su kunya?"

Na ja kujera na zauna. Na duba ko manyan baƙaƙe ne a kunne, ba su ba ne. Na duƙa ƙarƙashin tebur na zare kebul na mayar. Na buga waya hedikwata, aka ce sunansa yana nan lafiya lau. Da na gaya masa sai ya yi murmushi ya ce, "To me kike so su ce miki?" Na buga nawa sunan a kwamfutar tasa, ni ma ta ƙi ni. Na ce, "To ga shi, ni ma an kore ni ke nan?" Ya ce a'a, kujerar ce aka rufe. Kusan awa guda ina fama, har ni kaina na fara tunanin ko gaskiya ya faɗa, kuma tausayinsa ya kama ni sosai.

Can sai ya leƙa agogon da ke jikin kwamfutar, ya ɗauki buta ya ce azahar ta yi. Ban ji ladan ba. Na duba wayata, na sake duba kwamfutar, minti goma sha biyar tsakaninsu.

"Baba, agogon nan gudu yake."

"Ni na sa shi. Gwiwata ba ta sauri, ga alwala, ga tafiya masallaci. Duk agogon da ya shigo hannuna sai na ƙara masa, shi ya sa ban rasa sahun farko. Yaran nan da suka zo sun ɓata min shi, kafin in tashi ranar na mayar da abina."

Na dafe kai na yi salati. Injiniyoyin sun faɗa mana cewa in agogonka ya saɓa da na hedikwata fiye da minti biyar, ba za ta yarda da kai ba ko kai wane ne. Ni na rubuta a littafi na manta, shi kuma yana masallaci lokacin da ake bayanin.

Kafin ya dawo salla na shiga ta asusun masu gyara na daidaita agogon. Ya zauna, ya yi bisimilla, ya buga da yatsunsa biyu. Ta buɗe, ga rajistarsa yadda ya bar ta. Ya daɗe yana kallonta. Ni har na fara jiran godiya, sai na ji ya ce a hankali, "Yanzu me zan ce wa Hajiya? Na riga na gaya mata ni ne na gaji, na ajiye don kaina."

Bayan an tashi na bi shi Zaitawa. Ya tsaya a soro, na shiga ciki na durƙusa na gaida matar tasa Hajiya, na zuba mata ƙaryar da muka shirya a hanya: wai makaranta ce ta turo ni in roƙe ta ta sa baki, don ba za mu iya ba sai da shi.

Tana tsince shinkafa a faifai, ta saurare ni har na gama.

"Allah ya yi miki albarka," ta ce. "Amma ba sai kin wahala ba. Shekara arba'in ina tare da shi, na san gajiyarsa, wannan ba ita ba ce. Kwana uku ina kai masa tuwo ina ɗauko shi yadda na kai." Ta ajiye faifan ta miƙe. "Je ki ce masa ya shigo ya ci abinci."