Bidon da Na Kai Dapaong

Mun tashi da asuba daga tashar Sokodé, ina rungume da bido, wato jarka, cike da ruwan rijiyar lambuna, ga ƙasa a ƙullin leda. Na ce wa iyali zumunci zan je yi Dapaong. Gaskiyar magana, kishi ne ya tashe ni. Taubashina da ke can ya bugo waya, wai masu awon ruwa da ƙasa sun duba lambunsa ba su sami ragowar maganin ƙwari ba, har masu sarin tumatir suna jira a bakin shingensa. Mutumin da na shekara talatin ina yi wa dariya saboda feshin ganyen darbejiya da toka! Na ce ni ma sai an auna nawa.

Kuɗin mota ya kusa ninka abin da na sani, ga mu a matse, zabin wata mata suna caccakar ƙafata. A hawan dutsen da ke kafin Bafilo manyan motoci rarrafe suke, kowa sai salati. A Kara na sha koko da ƙosai, na taya wagashi, cukun Fulani, na ji tsada na mayar.

Da muka wuce Mango gonakin auduga suka fara, sai na tuna abin da na aikata. A ƙuruciyata maganin auduga nake sayar wa masu lambu, don ya fi na kayan miya ƙarfi da araha. A bakin rijiyata nake wanke tankin feshi. Da aka hana wani iri, ragowar gwangwanayen a gefenta na binne su. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, kuma jikokina daga rijiyar nan suke sha.

Bayan azahar muka wuce Tandjouaré muka shiga Dapaong. Lambun taubashina bai kai rabin nawa ba, amma kore shar, kwaɗi na kuka a kududdufinsa. Rabon da in ji kwaɗo a nawa na manta. Na zagaya ina neman aibi, ban samu ba sai ƙyauren da ya karkace, shi ma na faɗa.

"Alhajin magani," in ji shi, "tsutsa ka zo kashe mana, ko ido ka zo sa wa tumatir?"

"Ƙanana ne," na ce, ina haɗiyar yawu.

Washegari ya kai ni lambun maƙwabcinsa, inda wata malamar awo take aiki. Safar hannu ta sa, tana ɗibar ruwa a kwalabe masu tsabta, ƙasa kuma daga wuri biyar ko shida, kowace da takardarta. Na miƙa bidona da alfahari. Ta buɗe, ta kawar da kai.

"Baba, me ke cikin wannan a da?"

Maganin feshi ne. Duk unguwarmu haka muke, a wanke da omo a zuba ruwa ko man ja. Taubashina ya buɗe baki zai yi tsiya, ya dubi fuskata, ya fasa.

Ta ce ba a auna ruwan da aka kawo haka, sai an je an ɗiba, kuma wasu magungunan na da suna shekaru a ƙasa ba su mutu ba. Ta tambaya ko akwai abin da ya kamata su sani. A gaban mutumin da na fi ƙin ya ji, na faɗi maganar gwangwanayen. Ta ce kada in tona da hannuna, kada a sha ruwan, abokan aikinta na Sokodé za su zo.

Da zan taho taubashina ya ɗora mini kwandon tumatir. Na so in ƙi, ya riga ya biya kuɗin kaya.

Ina isa gida ban zauna ba. Na rufe rijiyar da kwano, na ɗora dutse, na kafa sanda inda na yi binnen, sannan na tara iyali na faɗa musu da bakina. Har yanzu muna jiran masu awo, ruwan famfo muke saye.

Na je ne don in kunyata mutum, na dawo na san wanda ya yi shekara talatin yana wauta. Kishin kuwa bai tafi ba. An yi miya da tumatirinsa, jikokina suka nemi ƙari, ni ma na ƙara, raina a ɓace.