Dubu Biyu Ba Ɗaya

Faɗan Haulatu da taubashinta Sodangi a shekarar fari aka yi shi, lokacin da man fetur ya ƙosar da birane, rumbunan ƙauyen Fakuwa kuwa ko ɓera ya yi musu ƙaura. Gwamnati ta aiko da dawa buhu hamsin daga Kankia. Da aka auna, ta tashi tiya dubu biyu ba ɗaya, don buhu guda ya tsiyaye a hanya. Gida talatin da bakwai ke jira, har da rugar Jaji.

Sodangi ne mai rabon garin. Bai yi boko ba. Gurabe yake tonawa a ƙasa kamar mai dara, ya yi ta jefa tsakuwa. Tun yana saurayi, naman watanda ne ko dammunan gado, in ya raba magana ta ƙare. Ba saniya, ba gonar kirki, sunan nan shi ne dukiyarsa. Yakan ce lamba ma hali gare ta: akwai cika, akwai mara, akwai mai zumunci da ke shiga kowane gida, akwai marowaciya wadda duk lallashinka ba ta rabuwa.

Ranar nan kuwa, da marowaciya ya gamu. Ya kasa biyu, ɗaya ta yi saura. Ya kasa uku, ya kasa tara, ɗaya dai. Ya kasa gida-gida, kowa hamsin da huɗu, ga ɗayar nan zaune. Tun hantsi har la'asar ya hana a ɗebi ko ƙwara. A shekarar yunwa, tiya guda ta isa a kira mutum ɓarawo har jikokinsa, kuma an fara ƙus-ƙus.

Haulatu ta ratsa maza da ƙwaryarta.

"Sodangi, tsakuwa za mu dafa yau?"

"Taubashiya, lambar ce ta ƙi."

"Ita ta ƙi, ko kai ka tsorata? Mi ya rage?"

"Tiya guda. Duk wanda na ba, na ci amanar talatin da shida."

"Gemu har ƙirji, tiya guda ta kayar da kai. Zuba nan."

Ya zuba. Ta tara mata suka niƙa, ta dama kunun tsamiya tsululu a babbar tukunya, ta ajiye a ƙofar mai gari. Manomi da makiyayi kowa ya sha ludayi guda, sannan aka raba sauran daidai wa daida. Sodangi ya jingina da bango ya yi ajiyar zuciya. Daga ranar, duk abin da ya ƙi rabuwa a Fakuwa sai a ce a kai shi tukunya.

Bayan shekara goma sha ɗaya ciwon ajali ya kwantar da shi. Haulatu ta je dubiya, ta tarar yana ƙirga yatsu, yana tambaya ko ya taɓa tauye wani.

Ta kama hannun ta sauke. "Kwanta abinka, matsoraci. Wadda ta yi saura ma ni na dama ta, kai ma ka sha. Ko ƙwara ba ta rage a wuyanka ba."