Da Yaya Ya Cire Shahon Motarsa

Yayana yana da wata baƙar mota da duk wanda ya zauna a Kazaure shekarun nan ya san ta. Doguwa ce, 'yar Kwatano, mai baƙin gilashi, a goshinta an dasa wani shaho na farin ƙarfe ya buɗe fukafukai kamar zai suri ɗan tsako. Ya saye ta ne lokacin da aka yi masa ƙarin girma na ƙarshe a ƙaramar hukuma, bayan ya gama yawon aiki a Roni da Gwiwa da Ɓaɓura. Da ya yi ritaya idonsa ya fara rauni, sai tuƙin ya dawo hannuna. Ni kuwa tsohon hedimasta ne, na ƙarar da ƙuruciyata ina tsawata wa 'ya'yan mutane, sai ga ni da furfurata ana ce mini in rage gudu akwai rami. To, babba ne, ya zan yi da shi.

Kowane mako mukan je wata gonarsa da ke bayan Gwiwa. Gonar dai dalili ce kawai, don ko gero ne a ciki ko dawa, sai ya tambayi mai lura da ita. Abin da ke kai shi gaisuwa ce. Da mun shiga Roni 'yan acaɓa za su dare, masu shayi su miƙe, tsofaffin gindin bishiya su ɗaga hannu su yi jinjina. Shi kuma yana kujerar baya, gilashi a rufe saboda sanyin mota, yana ɗaga hannu yana ta “madalla, madalla,” sai ka ce suna jin sa. Daga nan ya leƙo ta bayan kunnena ya ce in gani, mutanen nan ba su manta da shi ba.

Ina yi masa dariya a raina, amma na san wannan gaisuwar ita kaɗai ta rage masa. Ofis ya tafi. Abokan aikinsa da yawa sun riga mu gidan gaskiya. Wayarsa in ta yi ƙara, 'ya'ya ne ke tambayar ko ya sha magani. Matarsa ta sha gaya mini cewa ranar da muka je Gwiwa ce kaɗai yake cinye tuwonsa tas har ya nemi ƙarin miya.

Fitinar ta zo mana ne a majalisarmu ta ƙofar gida, bayan la'asar. Akwai wani abokinmu ɗan kasuwar hatsi, mutumin Ɓaɓura, wanda aljihunsa ɗaya naira ɗaya sefa, kuma ba ya rabo da labarin da ba a aike shi ba. Shi ya zaro waya ya ce mu zo mu ga abin da kamfanin motar Yaya ya aikata. Wai sun sauya tambari. Sun soke shahon gaba ɗaya, sun maye gurbinsa da wasu siraran haruffa kamar rubutun yaron da yunwa ta hana danna fensir. Sannan suka yi talla. Wasu samari da 'yan mata ne sanye da kaya ruwan hoda da ruwan ɗorawa, a tsaye cikin wani ɗaki fayau, suna juya wuya suna harararmu. Muka haɗa kai a kan wayar har ƙarshe muna jiran mota ta fito. Ko taya ba mu gani ba.

Abokin namu ya ce duniya gaba ɗaya ta yi ca a kan kamfanin, har su Turawan ƙasar da aka ƙera motar zagi suke yi. Ai kuwa majalisarmu ba a bar ta a baya ba. Shi ɗan kasuwar nan, wanda tun da na san shi babur ɗaya yake ja, ya rantse shi da kamfanin nan har abada, ko kyauta suka ba shi ba ya so. Wani tsohon malamin asibiti da ke zuwa a keke ya ce wannan cin amana ne, kuma ya faɗe shi da rawar murya. Ni ma na zuba tawa. Na ce wanda ya zana haruffan nan da a makarantata yake, sai ya maimaita aji.

Mai motar kuwa ya bar mu muka yi ta zuba. Sai da muka gaji don kanmu, ya gyara zama, ya yi gyaran murya irin ta ofis.

“In na sama suka sauya tambari, na ƙasa ba ya tsayawa a kasuwa yana musu,” ya ce. “Gobe za a cire shahon.”

Na ɗauka wasa yake. Amma wanda ya san gidanmu ba zai ɗauka haka ba. Mahaifinmu malamin hakimi ne, a cikin biyayya aka yaye mu, ni ne dai ban sha da yawa ba. Yaya ya tuna mana cewa lokacin da aka fitar da Jigawa daga Kano, shi ne na farko a ofishinsu da ya mayar da tsohon hatimi ya karɓi sabo, bai tambayi kowa dalili ba. Ya ce waɗanda suka ƙera mota sun fi mu sanin abin da ya dace da goshinta, kuma yawo da tambarin da masu shi suka soke daidai yake da mutum ya ci gaba da naɗa rawani bayan an tuɓe shi. Na ce masa, Yaya, mutanen nan fa ba su san akwai wani gari Kazaure ba, balle su aiko maka da umarni. Ya ce umarni ba ya bin mutum gida gida, ji ake yi a bi. Haushi ya hana ni cin abincin dare.

Bakaniken da ke duba motar ya yi magiya har ya gaji. Ya ce tun yana koyon aiki yake goge shahon nan da gefen rigarsa. Da magiya ta ƙi, ya ce kusoshin sun yi tsatsa ba za su kwance ba. Yaya ya ja benci ya zauna, ya ce ba ya sauri. Haka aka cire shahon, aka toshe ramukan biyu da baƙin danƙo. A hanyar gida har ya fara tambayata ko ana samun fenti ruwan hoda mai kyau a Kano. Allah ya taimake mu maganar ta kai kunnen matarsa, ta ce ranar da motar nan ta koma ruwan hoda, a ranar za ta haɗa kayanta ta tafi wajen danginta a Kanya Babba, ya nemi mai yi masa tuwo a kamfanin. Mota dai ta tsira da baƙinta.

Sai ranar zuwa gona ta zagayo. Lokacin cirar gyaɗa ne, hanya cike da mutane. Muka shiga Roni, na rage gudu kamar yadda na saba don a samu damar gaisawa. Babu wanda ya motsa. Wani ɗan acaɓa ya sha gabanmu ya tsaya cak yana cinikin rake, na danna masa ham, ya waiwayo ya watsa mini yatsu biyar. Ni! Masu shayi suka ci gaba da fifita wuta. Ta madubi na hango hannun Yaya a sama, ya ɗaga shi tun kafin mu iso, yanzu ya rasa inda zai kai shi, sai ya gyara hula da shi.

Ya ce rana ce ta haske musu ido. Can gaba ya ce ai lokacin aiki ne, kowa hankalinsa na gona. Na zo da niyyar in yi masa tsiya har mu dawo, amma da na ga yadda yake leƙen kowace bishiya, sai na fasa. Tausayinsa ya kama ni, kuma na ji haushin kaina da na ji tausayin.

Mun wuce Roni da ɗan nisa sai ga wata mata a bakin hanya, za ta kai shekara hamsin, tana kaɗa mana hannu. Yaya ya farfaɗo nan take. Ya ce in tsaya, baiwar Allah tana da koke. Ya gyara babbar riga, ya haɗe fuska irin ta sauraron jama'a. Matar nan ta buɗe ƙofar baya, ta turo ƙullin gyaɗa, ta turo kaji biyu ɗaure da ƙafa, sannan ta dube shi.

“Baba, ɗan matsa mana.”

Wallahi ya matsa. Ta zauna, ta ja ƙofa, ta kira ni direba, ta ce a ƙauyen da ke gaban Gwiwa za ta sauka, kuma in kashe wannan sanyin kada kajinta su yi mura. Na cika na yi fam. Na buɗe baki zan gaya mata ko su wane ne a motar, Yaya ya harare ni ta madubi, na haɗiye.

Mace ce mai hira. Ta shafa kujera ta ce ita ba ta taɓa shiga motar haya mai laushi haka ba, sai ka ce motar mai shaho. Yaya ya miƙe zaune. Ya tambaye ta, cikin muryar da ya ga kamar ta ba-ruwana ce, ko ta san mai shahon. Ta ce wa ya san shi? Wucewa dai yake yi. Wasu sun ce wani Balarabe ne Kwara mai sayen gyaɗa, wasu sun ce wata hajiya ce ba ta son a gan ta, yara kuma sun ce babu kowa a bayan, motar ce kawai da direbanta, wani mai ɗaurarriyar fuska. Na ƙara ƙanƙame sitiyari. Yaya ya ce to me ya sa ake gaishe shi? Ta ce ai mai irin wannan mota ba a san abin da zai iya ba, gara a ɗaga masa hannu ya wuce lafiya.

Kajin suka ɗau kuka. Na so in kunna rediyo. Can Yaya ya sake magana, a hankali wannan karon. Ya ce shi ya taɓa jin labarin wani ma'aikaci da ya zauna a yankin nan da daɗewa, lokacin rigimar burtali tsakanin manoma da Fulani, ko ta ji labarinsa?

Matar nan ta tafa hannu. Ta ce ji kuma? Ai a zauren gidansu ya yi damina guda, mahaifinta ne mai unguwa a lokacin. Wani siriri mai babur. Ita ke kai masa ruwan alwala tana yarinya. Ta ce kullum yana cikin gonaki da wando a naɗe, yana jin ta bakin wannan yana jin ta bakin wancan, har aka kafa duwatsun iyaka, kuma har yau shanu a nan suke bi, ba a sake zubar da jini ba. Ta ba mu labarin ranar da ya faɗa rafi da babur ɗinsa, mahaifinta ya ba shi aron riga ta tsaya masa a gwiwa. Ta ce ga tsoron kare, ga minshari, amma mutum ne. Ta yi dariya har da share ido, sannan ta ce Allah ya jiƙansa.

Yaya ya ce, ya rasu ne?

“To da yana raye, Baba, ai da ya zo mana gaisuwar mahaifinmu. Shekara nawa yanzu. Har mahaifin namu ya kwanta ciwo yana ambatonsa.”

Ban sake duba madubi ba. Ƙofar gidan mai unguwar ƙauyen nan muna wuce ta kowane mako, na san ta, akwai wata tsamiya a gabanta, kuma nan ne ma aka fi yi mana jinjina. Wa zai tare motar da ba a san na cikinta ba ya faɗa mata rasuwa?

Da muka iso ƙauyen ta nuna tsamiyar ta ce in tsaya. Ta fara kwance bakin zane za ta sallame ni, na ce ta bar shi, ta ce Allah ya yi wa direba albarka, ashe fuskar ce kawai a ɗaure. Tana jan ƙullin gyaɗarta sai ta ga Yaya ya buɗe ɗaya ƙofar ya fito, kajin nan biyu a hannunsa, suna ta fuffuka a jikin babbar rigar da aka yi wa guga da safe. Ta ce ya bar su za ta iya. Bai saurare ta ba. Ya bi ta a baya har bakin zauren, ni kuma na kashe mota na biyo su.

Akwai dattawa uku a kan tabarma, ɗaya yayanta ne, shi ke riƙe da unguwar yanzu. Suka amsa sallama irin wadda ake amsa wa baƙon da ya ɓata hanya. Yaya ya ajiye kajin, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa da gwiwoyin nan nasa masu ciwo, abin da ban ga ya yi ba tun rasuwar mahaifinmu. Ya ce ya zo gaisuwar mai unguwa ne, ya makara, a yafe masa. Ya yi addu'a, aka shafa.

Mai unguwar ya daɗe yana kallonsa. Ya dubi tumbin, ya dubi furfurar, ya sake matsowa ya leƙa fuskar sosai. Sai ya kama hannunsa da hannu biyu. Matar kuwa ta saki ƙullin gyaɗa ya zube a ƙasa, ta rufe baki.

“Ranka ya daɗe, kai ne? To ina ka shiga duk shekarun nan?”

Yaya ya sunkuyar da kai.

“Ina cikin mota,” ya ce.