Fitilar da Na Kunna wa Kusa

A shekarar da aka sami mulkin kai ina ƙaramin malamin gona a Tambuwal. Kusu, wato ɓera a bakin mutanen Kano, ya addabi rumbunan ƙasar Kebbe, har da na kawuna. Ofishinmu ya sami sabon magani, amma an hana a raba shi sai an gwada. Aka aiko mini fararen kusa a keji, maza da mata, in kiwata su hayayyafa, a gwada maganin a kan 'ya'yan kafin gero ya shiga rumbu.

Na sa su a sito mai ƙaramar taga. A gidanmu ba a barin baƙo cikin duhu, balle baƙon gwamnati. Don haka kullum da magariba sai in kunna musu fitila, ta kwana tana ci har rana ta karɓe ta. Dusa da ruwa ba su taɓa yankewa ba.

Wata biyu, babu wadda ta haihu. Na sauya abinci, na sauya mazan. Na gaji da rubuta wa ofis kalma ɗaya: tukuna.

Wata ranar kasuwa kawu ya zo daga Kebbe a kan jaki, jin labarin magani. Ya leƙa sito, ya ga fitilar da na manta ban kashe ba.

“Ɗana, wagga fitila ta mi ta?”

“Ta fararen kusan nan ce, Kawu. Kwana take yi.”

“Karatun boko suka yi?” Bai yi dariya ba. “Kusu da dare shika harkatai. Ka amshe mai dare, yaushe za shi san lokacin iyali?”

Daga baya na karanta cewa jikin macen da sauyawar haske da duhu yake ƙirga kwanakinsa. In haske bai ɗauke ba, ƙwai ba ya sauka. A ranar dai kashe fitilar kawai na yi.

Bayan mako biyar aka haihu, jajaye, marasa gashi. Kafin su isa gwaji an gama girbi, an liƙe rumbuna ba magani.

Da bazara na je Kebbe. Kawu ya buɗe rumbu, ya zaro damin gero ya miƙo mini. Ba nauyi. Rabin zangarniyar ƙaiƙayi ne da kashin kusu.

“Naka sun haihu?” ya ce.

“Sun haihu.”

“Nawa ma.”