Dutsen Taimamar Kakata

Ina aji uku a sakandare na rubuta mana wasan kwaikwayo. Labarin wani sarki ne da ya ci taurari da yaƙi, duk duniyar da ya kama sai ya gina fada da wani baƙin dutse, don kowa ya san ta zama tasa. To, ina zan samo dutse a Maiduguri, garin rairayi?

A gidanmu na unguwar Lamisula akwai guda ɗaya sumul, wanda aka kawo wa kakata daga Gwoza. Da shi take taimama tun da ciwo ya hana ta taɓa ruwa. Na faki idonta na ɗauke, na mulka masa baƙin fenti. Aka yi wasa, aka tafa mini.

Da na mayar, ta shafa shi, ta sansana. Taimama ba ta yiwuwa a kan fenti.

"Kwana biyu ina rarrafawa tsakar gida neman ƙasa," ta ce. "Maigidana, sarkin naka dai ya gama da shi?"

Sati guda na yi ina kankarewa. Har ta rasu baƙin bai fita ba.